Alkunyar Usta Yadullah Mai Shiɓa

Ƙofar gidan Usta Yadullah tana kallon tawa. Lungunmu a tsohon garin Yazd ƙunci gare shi, in na miƙa hannu daga dakalina shi ma ya miƙo daga nasa, sai mu ba juna kofin shayi ba wanda ya tashi. Haka muka zauna tun gashinmu yana baƙi. Ni sunana Rajab, ana ce mini Mash Rajab tun shekarar da na je ziyara Mashhad. Niƙan lalle na yi har ƙirji ya hana ni. Labarin maƙwabcin nan nawa nake so in bayar. Usta kuwa haka muke kiran gwanin sana'a.

Shi ba haifaffen gari ba ne. Daga wani ƙauye na wajen Taft aka kawo shi yana ƙarami, aka damƙa shi ga wani mai shiɓar auduga. Da hannunsa ya faɗa sai ya sami keke, ya kama gabansa. Kafin sanyi ya shigo yana zaga unguwanni yana kira, bakan shiɓa a rataye a kafaɗa, bakan ya fi shi tsawo. Mata su fito da katifu da matasai da bargunan auduga da suka daskare, ya zauna a tsakar gida ya farke su, ya yi ta bugun tsarkiya da ɗan gudumansa na icce har audugar ta tashi kamar yau aka cire ta, sannan ya mayar ya ɗinke. Da yamma ya dawo fari fat har gira. Matarsa Kaukab, Allah Ya jiƙanta, takan tare shi a zaure da tsintsiya ta kakkaɓe shi, tana cewa ita dai ba tunkiya aka ɗaura mata aure da ita ba.

Wannan sana'a ta sa babu gidan da bai shiga ba a unguwar. Shi ya ɗinka bargon auren uwa, ya zo ya ɗinka na 'yarta. Da katifar soso ta shigo kasuwa aikin ya yi ta ja da baya har ya mutu, amma sanin mutane bai mutu ba. In ya zauna a dakali, duk wanda ya gifta ya san kakarsa.

Mu mutanen nan duk muna da kara, amma ta Usta Yadullah ta fi ta kowa. Wata rana shi da wani dattijo suka haɗu a ƙofar masallaci, wannan ya ce bismillah, wancan ya ce haba ai kai ne gaba, suna nan tsaye har liman ya kai raka'a ta biyu. In aka yi masa tayin shayi sai ya ce yanzu ya sha. A sake, ya ce wallahi kada a wahala. Sai a na uku ya karɓa, kuma ka ga yadda yake sha ka san tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Matan lungu sun gane shi, suka daina sauraron a'arsa. Su kawo kwano su ajiye su juya, yana bayansu yana rantsuwa ya ƙoshi, anjima kwano ya dawo a wanke da 'yan rumman a ciki.

Gidan nasa, in za a faɗi gaskiya, ba gidan tsoho ba ne. Bayi yana can ƙuryar tsakar gida, da sanyi sai ka ratsa fili kafin ka kai. Madafa tana ƙasa, ana sauka da matakala masu tsawo, kowace ta kusa kai gwiwa. Bango yana tsattsafo daga tushe. Duk kaka sai an hau soro an yaɓe shi da laka da ciyawa. Mota ba ta shiga lungun. Ranar da ciwon Kaukab ya tashi, motar asibiti a bakin titi ta tsaya, mu muka ɗauke ta a bargo muka kai ta. Ba ta dawo ba.

Duk da haka ban taɓa jin ya kushe gidan ba. Da sanyi yana ɗakin da rana ke faɗawa, da zafi ya koma ɗakin inuwa da ke ƙarƙashin hasumiyar da ke janyo iska mai sanyi cikin gida. Da safe in ya dawo masallaci ya biya wurin mai gurasa, wanda ya san shi da son wadda gefenta ya ɗan ƙone, yana ware masa ita ba sai ya tambaya ba. Ya dawo ya share ƙofar gida ya yayyafa ruwa yadda Kaukab take yi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, sannan ya zauna. Da la'asar mu tafi inda lungu ya shiga ƙarƙashin rufi, wurin da tsofaffi ke taruwa, a yi ta musu kan ko ruwan bana zai kai na bara. Rayuwarsa ke nan, kuma ta ishe shi.

A sanyin da ya biyo rasuwar Kaukab ruwa ya daskare a tsakar gidansa. Ya fito da asuba zai yi alwala, santsi ya kwashe shi. Ƙarar bokiti na ji daga tsallaken lungu, na shiga na tarar da shi a ƙasa yana ba ni haƙuri wai ya tashe ni. Ƙashi bai karye ba, amma ya yi kwanaki bai taka ba.

Ɗansa ɗaya ne, Behruz, yana aiki a masana'antar tayil, yana zaune da matarsa Shahla a wani gidan bene a sabuwar unguwa. Yaron kirki ne, a gabana ya girma, Amu yake ce mini kamar ƙanin ubansa. Ranar Juma'a ya zo, ina wurin, ya durƙusa gaban shimfiɗar uban.

"Baba, ka tattara ka dawo wurinmu. Ɗaki yana nan ba kowa tun da jikarka ta tafi jami'a."

"A'a, ɗana. Nan ya ishe ni."

"Ya ishe ka ina? Da Amu Rajab bai ji ƙarar bokiti ba fa?"

"Ai ya ji."

"Baba, don Allah."

"Kuna da hidimarku. Ba zan zo in ɗora muku nauyi ba."

Behruz ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi. Duk mun san wannan murya. Da ita yake cewa ya ƙoshi.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama lungu, kuma kowa abu ɗaya ya fahimta: Usta yana son zuwa wurin ɗansa, kunya ce ta riƙe shi, sai an taya shi. Aka shiga taya shi. Mai gurasa ya miƙa masa tasa ya ce, "Usta, ka je ka huta mana, ka bar mu da wahalarmu." Liman ya tare shi bayan sallah ya yi masa nasiha kan kada uba ya hana ɗa samun lada. Matata Rubabe, wadda bakinta ba ya ɓoye komai, ta kai masa miya ta tsaya a kansa.

"Gida mai ruwan zafi a bango, kana ja wa yaro rai? Ni da za a kai ni, ko takalmi ba zan tsaya nema ba."

"Haka ne, Rubabe Hanum," in ji shi, da laƙabin girmamawar da muke yi wa mata.

"To ka ce to mana. Sai ka sake faɗuwa an kwashe ka a bargo?"

Ni ma na sa baki, ba sau ɗaya ba. Ya saurare mu duka, yana murmushi, yana shafa gwiwarsa. Wata safiya muna dakali ya ce, "To, tunda kowa ya ga hakan ya fi." Na ce madalla. Na ji daɗi har raina, ina ganin mun sauke masa wani kaya.

Gidan laka in ba kowa a ciki rushewa yake. Akwai wani mutumin Tehran da ya riga ya sayi gidan da ke jikin na Usta, yana so ya haɗa su ya yi masaukin baƙi masu zuwa kallon tsohon gari. Behruz ya kawo wa uban maganar. Uban ya ce, "Yadda ka gani." Aka sayar.

Ranar tashi, babur mai ƙafa uku ya yi ta jigila daga ƙofa zuwa bakin titi. Alƙur'ani da madubi aka fara fitarwa, su za su fara shiga sabon wuri. Kayan ba su da yawa. Da aka gama sai ya koma ciki shi kaɗai, muka ji yana ba itacen rumman ruwa. Rubabe ta ɗaga Alƙur'ani a bakin ƙofa ya wuce ta ƙarƙashi, ta watsa ruwa a bayansa yadda muke yi wa matafiyi, sannan ta shige gida da sauri wai ta bar tukunya a wuta. Ba tukunyar da ta bari.

Bayan Idin Nauruz, bikin sabuwar shekararmu na ƙarshen sanyi, na hau bas na je duba shi. Ba zan yi wa gidan ƙarya ba, gida ne mai kyau. Shahla ta ba shi ɗakin da ya fi haske, ta shimfiɗa masa tsohuwar dardumarsa, ta rataye hoton Kaukab. Ya kama hannuna yana zagawa da ni. Ya murɗa famfo, ruwan zafi ya fito. Ya nuna mini bayi mai kujera da ƙarfen riƙewa da Behruz ya kafa a bango. Ya sa muka shiga lifta muka sauka muka sake hawa ba don komai ba. Duk abin da ya nuna sai ya ce, "Ka ga ni'ima, Mash Rajab?" Na ce na gani. Ƙafarsa ma ta warke, yana tafiya ba sanda.

Da muka zauna shan shayi sai ya tambaye ni, "Yau wace rana?" Na ce Talata. Can anjima ya sake tambaya. A lungu bai taɓa tambayar rana ba. In mai kayan miya ya shigo da kurarsa ya sani, in mata suka wuce da kwalaben ruwan wardi zuwa maƙabarta ya sani.

Shahla ta rako ni bakin lifta, ta rage murya.

"Amu, ba ya cin abinci. Na dafa irin na Mama, na tambayi Behruz yadda take yi, sai ya ɗan taɓa ya ce ya yi daɗi. Mu kuma tun safe mun fita, sai yamma."

"Ba ya sauka ƙasa?"

"Ya sauka. Ya ɗauki 'yar kujera ya zauna a ƙofar shiga yana gaishe da mutane. Kwana biyu sai mai kula da ginin ya zo ya ce wa Behruz, cikin ladabi dai, wai ba a saba haka ba, wasu suna tambaya ko lafiya. Tun daga nan bai sake ba."

Ta ba ni wani labarin. A watan Safar ta dafa shinkafa mai zaƙi da za'afaran ta sadaka, ya ce shi zai kai wa maƙwabta da hannunsa. Wasu ba sa nan. Wani ya amsa ta na'urar da ke jikin ƙofa, ya yi godiya sosai, ya ce a ajiye a nan. Wata yarinya ce kaɗai, sabuwar amarya, ta buɗe ta karɓa, ta dawo da kwanon da alewa a ciki, ta tsaya suka yi hira. Ya yi ta zancenta. Ba a daɗe ba suka tashi, 'yan haya ne. Mutanen ba miyagu ba ne, in ji Shahla, kowa dai yana cikin hidimarsa.

Na hau bas ina juya maganar. Na ce wa kaina sabo ne, zai saba.

Sai ya fara zuwa. Da farko ran Alhamis, in ya je kabarin Kaukab ya biyo ta lungu. Nasa dakalin an tara buhunan siminti a kai, sai ya zauna a nawa, mu matsa wa juna. Yana kallon leburori suna shiga suna fita ta ƙofarsa. Mai gurasa ya gan shi ya yi ihu, ya ware masa mai ƙonannen gefe. In yamma ta yi ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce bari ya je kada yara su damu. Daga Alhamis ya ƙara da Litinin. Wandon nasa kuwa kullum ƙara yi masa yawa yake.

Wata rana a lokacin rumman ya zo tun da hantsi, ba ranar zuwansa ba. Muka yi azahar tare, muka yi la'asar, bai yi zancen tafiya ba. Rubabe ta dafa shuli, miyar nan tamu mai gwoza ja da tsami, ta shimfiɗa mana a tsakar gida. Mun fara ci ke nan aka buga ƙofa da ƙarfi. Behruz ne, da kayan aiki a jikinsa, fuska ta yi ja.

"Baba! Tun azahar nake yawo. Na je asibiti, na je maƙabarta. Shahla tana can tana kuka. Ina wayarka?"

"Na manta ta, ɗana. Ka yi haƙuri."

"Me muka yi maka? In akwai abin da ba ka so a gidan, ka faɗa mana."

"Babu komai. Gida ni'ima."

Rubabe ta dangwarar da ludayi. "Ni'imar ce ta mayar da kai kamar sandar tsintsiya? Zauna, Behruz, ga kwano. Kai kuma Usta, yau dai ka yi wa Allah ka faɗi magana guda wadda ba kara a cikinta. In ba ka faɗa mana ba, mala'iku za ka faɗa wa?"

Ya daɗe yana juya cokali a cikin miya. Ni na san shi, na bar shi ya iso da kansa.

"Ni ban taɓa son barin lungun nan ba," ya ce.

"To me ya fitar da kai?"

"Ku."

Rubabe ta dafe ƙirji. "Mu?"

"Na ce nan ya ishe ni. A gaban Mash Rajab na faɗa. Washegari mai gurasa ya ce in tafi. Liman ya ce in tafi. Ke kika ce in tafi, shi ma wannan ya ce in tafi. Sai na ce a raina, Yadullah, ka tsufa. Mutane sun gaji da leƙa ka, sun gaji da kai maka miya, sun ɗauki matarka a bargo ba sa so su ɗauke ka, kunya ce ta hana su faɗa kai tsaye. Ai ni ma na san yadda ake sallamar baƙo da fara'a."

"Inna lillahi!" in ji Rubabe. "Mu da muka zaci ranka yana can, kunyar yaro ce ta riƙe ka! Mutumin da sai an yi masa tayin shayi sau uku?"

"Shayi daban, gida daban."

"To mu ina muka sani? A'ar taka duk kala ɗaya ce!"

Behruz bai taɓa kwanonsa ba. Ya ce, "Baba, na rantse da kabarin Mama, da ka ce mini ba ka so, da ban matsa ba."

"Na ce."

"Ka ce ba za ka ɗora mana nauyi ba."

"To me uba zai ce wa ɗan da ya share ɗaki ya sayo gado? In ce maka ɗakinka bai yi mini ba? Matarka tana yi mini abin da 'yar cikina ba za ta fi ta ba. Ba laifinku. Ni ne dai in na leƙa taga ba na ganin wanda na sani."

Daga tsallaken lungu muna jin leburori suna ta dukan bango. Behruz ya goge ido da bayan hannu ya ce gobe zai je ya roƙi mutumin Tehran, ko nawa ne a mayar. Uban ya girgiza kai.

"Bari. Na leƙa ɗazu. Sun fasa bangon tsakiya, sun cike madafa, ɗakin uwarka sun raba shi biyu. Ba abin da za ka karɓo."

Sai na faɗi abin da kowane maigida yake faɗa a irin wannan wuri.

"Usta, ai gidan nan naka ne. Ga ɗakin rana can, tun da 'yan mata suka yi aure ba kowa a ciki sai tsohon keken ɗinki."

Na faɗa ina jiran ya ce a'a, in sake, ya sake, mu rabu kowa da mutuncinsa. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"To. Na karɓa."

Rubabe ta saki baki. "Tun a na farko?"

"Tun a na farko, Rubabe Hanum. Na ga abin da jiran na uku ya jawo mini. In kara ce Mash Rajab ya yi, ya faɗa yanzu, ga Behruz ga mota a bakin titi."

Na kalli Rubabe, ta kalle ni. Na duba cikin raina a hankali, don tambayar ta cancanci a duba. Sai na tarar tun ranar da ya tashi ban sha shayin safe da daɗi ba. Na ce, "Ba kara ba ce."

"Keken ɗinkina dai ba ya fita," in ji Rubabe. "Kuma ba na dafa wa kowa abinci daban. Ku ci, miya ta huce."

Ba a gama a ranar ba. Behruz ya ja ni zaure ya ce, "Amu, me mutane za su ce? Ɗa yana da ɗaki a gidansa, ubansa yana raɓe a gidan maƙwabta? Ina zan sa fuskata?" Ban raina maganarsa ba, don gaskiya ce, za a faɗa. Na ce ya tafi da uban yau, su kwana a kan maganar, ɗaki ba ya gudu.

Shahla ce ta warware. Ta ce wa mijinta gara mutane su yi magana da ta dawo aiki kullum ta tarar da tsoho a bakin taga bai ci ba bai sha ba. Aka tsaya a kan ran Alhamis in an dawo daga maƙabarta zai bi su gida, ya yi Juma'a tare da su, sauran kwanaki yana lungu. Behruz ya kawo ma'aikata suka yi bayi mai kujera a jikin ɗakin rana, suka kafa ƙarfen riƙewa tun daga zaure har tsakar gida, suka jawo ruwan zafi. Na yi masa a'a, ya ce, "Amu, kada ka fara." Gwiwoyina sun gode masa. Wasu sun yi magana kamar yadda ya ji tsoro, wata daga dangin Kaukab har gida ta zo ta faɗa. Rubabe ta ba ta shayi, ta saurare ta, ta raka ta ƙofa.

Yanzu sanyi na biyu ke nan yana tare da mu. Wandonsa ya koma daidai. Masaukin baƙin ya buɗe, an yi wa ƙofar fenti, baƙi suna fitowa da safe su tarar da tsofaffi biyu a dakali ɗaya, wasu su nemi ɗaukar hoto. Mai masaukin ya sha yi masa tayin ya shiga ya ga yadda aka gyara. Yakan ce a'a, kuma yanzu in ya ce a'a ba wanda yake sakewa.

Abin da ya ba ni mamaki, mutumin nan ya koyi ƙorafi. Ƙofar ɗakinsa tana ƙara. Shayin Rubabe ya cika ruwa. Tantabaruna suna ɓata masa shanya. Jiya da safe muna dakali, rana ta fara taɓa mana ƙafa, ya ce bangon ɗakin nan yana tsattsafo ta gabas, kuma minsharina yana ratsa tsakar gida.

Na ce, "To ko in kira Behruz? Can ba tsattsafo, ba minshari."

Ya juyo ya harare ni. "Wa ya ce maka wani wuri zan je? Bango na ce a gyara. Matsa, ka tare mini rana."

Na matsa.